Jirgin da Ya Nitse a Unguwar Shanu

Cikin dukan haɗurran da suka auka wa jiragen ruwa tun da ɗan Adam ya fara hawa teku, ban ji wanda ya kai nawa ban takaici ba. Sauran sun nitse ne a tsakiyar ruwa, da matuƙa da salati da duk abin da ya kamata. Nawa kuwa, wanda ba zan taɓa iya mantawa da shi ba ko da na so, ya nitse ne a kan teburin malami, a wata firamare da ke Unguwar Shanu, a gaban Baturen makaranta, ba tare da ɗigon ruwa ya taɓa shi ba.

A shekarun nan ne na kafin mulkin kai, ina ƙaramin akawu a Sakateriyar Kaduna, ina zaune a Unguwar Sarki da matata da kekena da ra'ayi mai yawa a kan kaina. Ina da aboki, Malam Isiyaku, Bazazzagi, malamin firamare. Ni kuwa Bakano ne, saboda haka ba ma haɗuwa sai mun tsokani juna, kuma ba ma iya kwana biyu ba mu haɗu ba. An tura shi kwas Ingila, ya dawo da kwat ɗaya da tari da wani dogon akwatin kwali.

Ran da ya buɗe akwatin a zaurena, na ga siraran katakai, da 'yan sanduna, da ƙyalle fari, da ƙullin zare, da wasu ƙananan itatuwa masu huda kamar 'ya'yan carbi. A kan murfin akwai hoton jirgin ruwa irin na dā mai filafilai, wanda iska ke turawa.

"Yarana ba su taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Kaduna ba," in ji shi. "In na ce teku, sai su ɗauka kududdufi ne ya yi ƙiba. Baturen makaranta zai zo duba ni farkon damina, daga abin da ya gani za a san ko ni za a ba hedimasta. Da wannan nake so in yi darasin."

"To haɗa mana."

"Na gwada, Bakano. Yatsuna na alli ne."

Nan ya kamata in yi masa addu'ar samun kafinta nagari. Sai na ji bakina yana cewa ai ni na zo na ɗaya a aikin katako a Midil. (Gaskiya ce, amma abin da na haɗa a Midil benci ne, kuma har na bar makarantar ban ga wanda ya yarda ya zauna a kansa ba.) Isiyaku ya dube ni, ya dubi akwatin, ya ce, "Na ba ka amana. Ka dai bi takardar, kada ka sa mini wayon Kano a ciki."

Na ce in sha Allahu zai ga abin mamaki. Ta wannan fuskar ban saɓa alkawari ba.

Duk ranin nan, da na taso daga ofis na yi la'asar, sai in shimfiɗa tabarma in baje kayan. Takardar ta ce a fara da ƙashin bayan jirgin, a jera haƙarƙari a kansa, sannan a jiƙa siraran katakan a ruwan zafi a lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya har su rufe gangar jikin. Sai na zo kan gam. Yana cikin ɗan gwangwani, launin ƙasa, an ce a ɗumama shi kafin a shafa. Ina ɗora shi kan gawayi gidan ya ɗauki wari kamar bayan mahauta. Matata ta leƙo da mayafi a hanci.

"Malam, me ya mutu?"

"Ilimi ne, ba za ki gane ba."

"To ilimin nan dai a fita da shi waje, zan yi girki."

Na zauna ina tunani. Na taɓa karantawa cewa Turawa da ƙashi da kofato suke dafa gam. Ƙashin wace dabba? Wa ya yanka ta? Ƙasar da alade yake da daraja, wa zai rantse mini? Ga shi a zauren nan nake salla, da yatsun nan nake cin tuwo. Ban tambayi kowa ba, domin a lokacin ina ganin tambaya ta marasa satifiket ce. Na zubar da gam ɗin a bola, na wanke hannu har gwiwa, na je kasuwa na sayo ƙaro, irin wanda malamai ke sa wa tawada, masu wankin hula kuma suke kafe hula da shi. Na jiƙa shi ya yi kauri, na shafa, ya kama tsam. Na ji har ina tausayin Turawa da Allah bai ba su itacen ƙaro ba.

Isiyaku ban gaya masa ba. Ba ɓoyewa na yi ba, a ganina. Na bari ne sai ya yaba tukuna.

Jiki ya haɗu, na goge shi da samfefa har yana sheƙi, na kafa dogayen sandunan nan uku da ke ɗaukar filafilai. Saura igiyoyi, kuma duk wanda bai taɓa ɗaura wa ƙaramin jirgi igiyoyi ba bai san iyakar haƙurinsa ba. Zare ya tashi daga kan sanda ya sauka gefe, wani ya tashi daga goshin jirgin ya je baya, wani ya bi ta hudar da ko kan allura sai da lallashi. Da matsefata nake kama su, ina riƙe numfashi. Akwai tsani na zare a kowane gefe, wanda kowane matakinsa ƙulli ne, kuma in ka kuskure ɗaya sai duk tsanin ya karkace kamar haƙoran tsoho. Na warware na sake har idona ya fara ganin zare a cikin miya.

Takardar ta faɗi abu biyu a nan. Ta ce a ja zaren a kan kakin zuma kafin a ɗaura, ta kuma ce kada a ɗame shi sosai. Na farkon na ɗauke shi ƙawa. Na biyun na ɗauke shi lalaci. Ni da na ga yadda ake ɗaure kaya a kan jaki, za a ce mini in bar igiya sako-sako? Na ɗame kowane zare har in ka taɓa shi yana ƙara kamar tsirkiyar gurmi.

Isiyaku ya zo ya gan shi a gama. Ya zagaya shi, ya tsuguna, ya leƙa ta ƙasa.

"Kai, ashe Kanawa na iya abin da ba ciniki ba," ya ce a hankali. Na ga idonsa ya kawo ruwa, ya ce tarin nan ne. "Ran darasin sai ka zo. Ba zan ci yabon da ba nawa ba."

Aka yi ruwan farko ana gobe Bature zai zo, aka kwana ana yi. Da safe garin ya yi laushi, gishiri ya jiƙe a kwano, ƙofar zaure ta ƙi rufuwa. Duk na ga waɗannan, amma hankalina yana kan babbar rigar da zan sa. Na nemi izini a ofis, na rungumi jirgin a ƙafa har Unguwar Shanu, mutane suna ba ni hanya kamar na ɗauko jariri. Na ji ɗan danƙo a tafin hannuna, na ce gumi ne.

Ajin ba gilashi a tagoginsa. Yara sun cika benci, an wanke su an shafe su da mai. Baturen makaranta, wani dogo mai jan wuya wanda yake jin Hausa irin ta littafi, ya zauna a baya da fensir. Isiyaku ya shigo cikin kwat ɗinsa ta Ingila, ya ce wa yara su zauna, ya yaye ƙyallen da na rufe jirgin da shi. Ajin ya ɗauki "Kaaai!" gaba ɗaya. Har Baturen ya miƙe wuya.

"Ga malamin da ya haɗa mana shi," in ji Isiyaku. "Ko zai ce mana kalma ɗaya kafin mu fara?"

Kowa ya san amsar wannan tambaya. Mutum ya ɗan ɗaga daga kujera, ya ce Allah ya yi wa karatu albarka, ya koma ya zauna. Ni sai na miƙe tsaye sosai, na gyara hannun riga.

Na gai da Bature da Turanci, na sake gaishe shi da Hausa don yara su amfana. Na gai da hukumar makaranta. Na yi bayanin ƙashin baya da haƙarƙari. Na ɗan taɓa tarihin tafiye-tafiyen teku, gwargwadon abin da na tuna daga Midil, na cike sauran da hankali. Isiyaku ya yi tari, na tsaya ya gama, na ci gaba. Ruwa ya sake saukowa, kwanon rufi ya ɗauki ƙara, sai na ɗaga murya. Iska mai laima tana shigowa ta taga tana kaɗa filafilan, na nuna wa yara na ce to kun ga yadda abin yake. Isiyaku ya matso ya ce ƙasa-ƙasa, "Mun gode, Malam," na ce masa ba komai, ai yi wa kai ne, na shiga bayanin igiyoyi.

Abin da ban sani ba, zaren auduga in ya sha laima tsukewa yake yi, ƙaro kuma sakewa yake yi. Tun daren jiya igiyoyin nan da na ɗame suke jan sandunan, abin da ke riƙe da gindinsu kuwa yana komawa kunu.

"Jirgi," na ce, "ƙarfinsa yana ga igiyarsa. Ku saurara."

Na sa yatsa na kaɗa zaren da ya tashi daga babbar sanda zuwa goshi.

Sandar ba ta karye ba. Da ta karye da sauƙi. Sunkuyowa ta yi a hankali, cikin ladabi, ta nufi bayan aji inda Bature yake, ta jawo ta bayanta, ita ma ta jawo ta ukun. Na kai hannu in tare, hannun rigata ya kwashi tsanin zaren. Sai katakan gefe, waɗanda na lanƙwasa da ruwan zafi, suka tuna cewa a miƙe aka halicce su, suka fara ɓallewa ɗaya bayan ɗaya, ɗas, ɗas, ɗas. Jirgin ya buɗe kamar an fasa kabewa.

Aka yi tsit, sai ƙarar ruwa. Can daga tsakiyar aji wata murya ta ce, "Malam, jirgin ya zube yana gai da Bature!"

Ajin ya fashe. Yara suna dukan benci, wasu sun faɗo ƙasa. Ni ina tsaye da filafili ɗaya manne a hannun riga, yatsuna sun haɗe da ƙaro. Baturen ya taso, ya ɗauki katako ɗaya ya shinshina, ya ce, "Madalla," da irin muryar da ake yi wa mutum ta'aziyya. Kafin a tsayar da dariyar aka kaɗa ƙararrawa. Na dubi Isiyaku. Bai dube ni ba, yana tsince 'yan itatuwan nan masu huda daga ƙasa yana zubawa a aljihun kwat.

Wani aka ba hedimasta. Isiyaku kuma kafin ƙarshen shekara aka mai da shi wata makarantar ƙauye ta wajen Birnin Gwari. Ya zo yi mini sallama, na sa aka ce ba na nan, ina ɗaki ina jin muryarsa yana tsokanar matata cewa ta ci gaba da haƙuri da Bakano. Wannan ya fi faɗuwar jirgin ci mini rai, har yau.

Na ɗauki darasi, na kuma yi ta raba shi kyauta ga duk ƙaramin ma'aikacin da ya zauna kusa da ni: in an ba ka amanar abu da takardarsa, ka bi takardar, in kuma kana shakkar gam, ka tambayi malamai kafin ka tambayi kanka. Shekaru ina faɗin haka, ina jin na zama mai hikima.

Sai da muka fara furfura muka sake haɗuwa da Isiyaku a wani suna a Hayin Banki. Ba hanyar gudu, tabarma ɗaya aka nuna mana. Bayan an shafa fatiha na tattara ƙarfin hali na ce, "Malam Isiyaku, akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Gam ɗin nan na Turawa, zubar da shi na yi. Ƙaro na sa. Ni na hana ka hedimasta."

Ya ɓare goro, ya miƙo mini rabi.

"Ai na sani tun ran nan, Bakano, kwat ɗina har ta tsufa ƙudaje na binta. Kuma kai ka hana ni, wannan gaskiya ne. Amma ba ruwan ƙaro."

"Kamar yaya?"

"Bature ya kira ni bayan an tashi. Ya ce jirgin bai dame shi ba, jirage sun saba nitsewa, gara ma yara su sani. Abin da ya ce shi ne, malamin da ba zai iya zaunar da baƙo ba, ba zai iya riƙe makaranta ba."

Na ce ai ban daɗe ina magana ba.

Ya ce a duk darasin nan da ya yi rani guda yana shiryawa, abin da ya samu ya faɗa wa yara shi ne su zauna.