Rasuwar Janaretan Eriyar Ɗansoshiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Zailani Ubale nake sanar da 'yan'uwa rasuwar janaretan eriyar sabis ta Ɗansoshiya, wanda ya cika ranar Talata da hantsi, bayan shekara tara yana hidima.

Marigayin ba shi da ƙiwa. Ko ruwa ake ko rana, yana cikin shingensa yana gur-gur-gur. Albarkacinsa nake jin muryar 'yata Bahijja daga Fatakwal, inda take aure, ina zaune a ƙofar gidana.

Ciwon ajalinsa ya faro ne da girbin masara, da ruwa ya ƙi ɗaukewa. Na lura zazzafar iskar da yake fitarwa tana busar da masara a yini guda, sai na shanya tawa a jikin shingen. Maƙwabta suka kawo tasu, mata suka mayar da wurin masussuka. Ƙaiƙayi ya toshe masa hanci. Kwana uku yana kuf-kuf, sannan shiru. Injiniyan da ya buɗe cikinsa ya cika kwano biyu da ƙaiƙayi, ya dube mu.

Ya bar eriya tsaye ba ta ji ba ta gani, da batura goma sha biyu da suka suma kafin la'asar, da maigadi Ɗantani.

A Ba'awa kuwa, garin da ke kusa da mu, sola aka kafa wa tasu eriyar. Ba su fi mu noma ba, ba su fi mu wayoyi ba. Jibrin mai shayinsu yana can yana kallon 'yan rawa da sabis cike taf, ni kuma da 'yata take watan haihuwa, cikin fari, ina ɗaga waya sama kamar mai neman wata. Ban ce ina musu hassada ba. Amma ranar nan da suke tarawa, ta kanmu ma tana bi.

Motar kamfani za ta ɗauki gawa ranar Alhamis da safe. Ba a karɓar ta'aziyya ta waya. Mutanen Ba'awa su yi mini gaisuwa a gajarce, kada a nuna mini sola. Zaman makoki a garinsu za a yi shi, a gindin eriyarsu, kan tabarmar aro. Ba na kwana uku ba ne. Ina nan har sai wayata ta yi ƙara an ce Bahijja ta sauka lafiya.