Takunkumin Jatau

A Kwarin Gamji kowa ya san matsayinsa. Zaki ne da garke, Dorina ce da fadama, Kura da kulki, Dila da baki. Sauran dabbobi kuwa haƙuri gare su, shi ma ba mai yawa ba.

Akwai al'adar da suka gada. Iskar da ke fita daga cikin masu tuƙa, da wadda ke kumfa a ruɓaɓɓen ruwan shinkafa, da ta jujin taki, duk tashi take yi ta taru a wani kogo a jikin dutse. Kowace kaka sai a hallara, a jefa bakin wuta a kogon, harshen wuta ya yi tsalle, a auna tsawonsa da jikin wata dabba. Zamanin kakanni wutar ba ta wuce kunnen zomo. Da Zaki ya fara turke shanu, ta kai kafaɗar jaki. Shekarar babban fari shanu suka mutu, wutar ta sauka, aka yi ta murna da yunwa a ciki. Daga nan Dorina ta tare rafi ta malale fadama da shinkafa, garken Zaki ya ninka, wutar ba ta sake duban ƙasa ba. Bana sai da ta babbake haɓar Raƙumin Dawa. Zafi ya ƙaru, damina kuma sai ta ga dama.

Kyalla, wata tsohuwar akuya, tana can bayan taro kusa da mijinta Jatau, jan bunsuru mai karyayyen ƙaho. Bai iya magana a taro ba, tuƙarsa kawai yake yi. Ita ce mai bakin gidan.

Shamuwa ta fara magana. Baƙuwa ce, daga nesa take zuwa kowace shekara da rigarta mai farin ƙirji. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a wajenmu mitan muke ce wa iskar nan. Zafin da take jawowa har gidajenmu yake isa. In wutarku ta sauka baɗi, za mu yaba muku a gaban duniya, kuma ba da hannu sake za mu zo ba."

Zaki ya lashi baki, ya dubi Dila. Dila ya miƙe ya gyara murya.

"Ya ku jama'ar Kwari! Fada ta yi bincike. Shanun mai martaba dukiyar ƙasa ce, gyatsarsu ta ci gaba ce. Shinkafar Dorina abincin ƙasa ce, kumfarta albarka ce. To, saura wa? Saura masu yawo ba izini, masu tuƙa ba tsari. Daga yau kowace akuya za ta sa takunkumi. Baki a rufe, iska a tsare."

Kyalla ba ta san lokacin da ta kutsa gaba ba. Ta ce, "Malam Dila, saniya ɗaya ta fada in ta yi gyatsa, ta fi ta gidanmu kaf har da surukai. Wannan ma a bar shi. Ka taɓa yin tuƙa? Mai tuƙa in ka hana shi gyatsa kumbura yake yi ya mutu. Kowane jariri a cikinmu ya san wannan."

Dila ya ce, "Iya, mu nama muke ci, kuma ba mu taɓa kumbura ba."

Aka fashe da dariya. Shanun fada sun san gaskiyar maganarta, cikinsu irin nata ne, amma suka sunkuyar da kai cikin dusa.

Kura ta ce, "Tunda bakinki ya fi na kowa tsawo, da mijinki za a gwada. Kai, Jatau, taso!"

Jatau ya taso, ya ce, "Ni fa ban ce komai ba."

"Ba kuwa za ka ƙara cewa ba," in ji Kura. Ta zura masa takunkumin kaba, ta ja igiya har haƙoransa suka haɗu, ta ɗaure shi a gindin gamji don kowa ya ga yadda doka ke aiki. Da safen nan ɗanyar harawa Jatau ya cika cikinsa da ita.

Kafin rana ta take tsaka, haƙarƙarinsa na hagu ya taso kamar ganga. Kyalla ta durƙusa gaban Kura. Ba ta taɓa durƙusa wa kowa ba sai don shan ruwa.

"Uwar daji, ki sassauta masa. Ki ɗaura mini, ni na yi maganar."

"Ke kuma naki na zuwa. Dubi yadda ya yi ƙiba, wa ya ce doka ba ta da amfani?"

Kyalla ta koma gefe ta jira. Zafin nan da suka taru a kansa shi ya kwantar da Kura, ta hangame baki tana minshari. Kyalla ta lallaɓa ta kama kabar da haƙori. Kaba ai ganye ce, akuya kuwa ba ta raina ganye. Ta tauna, ta haɗiye, ta tauna, har takunkumin ya faɗi. Jatau ya buɗe baki ya yi wata doguwar gyatsa, ya dube ta kamar zai yi magana. Ƙafafunsa suka miƙe. Shi ke nan.

Kura ta farka ta ja gawar, ta ce za a kai fada a bincika. Aka dakatar da dokar, wai sai kwamiti ya gano inda aka yi kuskure. Kafin kwamiti ya gama zama, Zaki ya ƙara turaku, Dorina ta cinye makiyayar awaki da sabuwar fadama.

Kaka ta zagayo. Aka jefa wuta a kogo, ta yi tsallen da ba ta taɓa yi ba. Sai dai tun da sassafe an ɗora Raƙumin Dawa a kan wani ƙaton suri, don haka wutar iyakarta ƙirjinsa.

Dila ya ɗaga murya. "Bara haɓa, bana ƙirji! Akuya ɗaya tak muka rufe wa baki, ku dubi sakamako. Ina ga an rufe na duka?"

Shamuwa ta tafa fukafukai. Ta ga surin sarai, amma tafiyarta da nisa, kuma tana son komawa da labari mai daɗi.

Dila ya ci gaba. "Kwamiti ya gano kuskuren. Kaba ciyuwa take yi. Yanzu na fata muka ɗinka, mu ga akuyar da za ta ci fata."

Kura ta nufo bayan taro da takunkumin fata na farko a hannu. Kyalla ta dubi takunkumin. Ba a ko kankare gashin ba. Ja ne, da ɗan farin tabon nan na bayan wuya, inda ta saba ɗora haɓarta in sun kwanta tuƙa ita da Jatau.

Kura ta ce, "Iya, miƙo baki."