Sha Biyu Bisa Takwas

Duk wanda ya ce likitocin Abidjan sun ƙare a manyan asibitoci, to bai taɓa bi ta layinmu ba a Black Market ta Adjamé. A nan, tsakanin mai sayar da caja da mai takalman gwanjo, Allah ya ajiye mana Alhaji Nomau, mutumin da ya san cikin ɗan Adam kamar yadda ya san cikin rediyo. Shekara talatin da shida ke nan da ya sauko daga Tawa da jaka ɗaya. Ya fara da tallar batir, ya koma rediyo, ya hau kan fanka da dutsen guga da wayoyi. Bai taɓa zama a aji ba in ban da na allo, kuma wannan bai rage shi da komai ba. Makaranta, in ji shi, an gina ta ne don waɗanda ba a haife su da abin ba.

Mu maƙwabtansa muna kiran sa Lokotoro, wato likita. Julawan layin baya suna ce masa Dogotoro. Duka yana amsawa da sauri. Amma in ka kuskura ka ce "Alhaji" kawai, sai ka maimaita sau uku kafin kunnen ya buɗe.

Likitancin a kwali ya zo masa. Shekara biyu da suka wuce ya sayi wani kwalin kayan lantarki, ya tarar da na'urar awon jini a ciki, wadda muke kira tansiyo, irin mai ɗamarar nan da ake ɗaura wa mutum a dantse ta kumbura ta matse shi, sannan ta sace. Sabuwa dal, da ledarta mai ruwan toka manne a fuskar gilashin. To, a Black muna da doka guda da ta fi ta gwamnati ƙarfi: ba a ɓare ledar da ke fuskar kaya. Waya ce ko talabijin ko kalkuleta, muddin ledar na nan, kaya sabo ne ko da ya shekara goma yana yawo daga hannu zuwa hannu. Ranar da aka ɓare ta, ranar ya tsufa. Alhaji kuwa shi ne limamin wannan mazhaba. Rimot ɗin gidansa ya shekara tara a cikin ledarsa, har an daina gane maɓallan.

Saura riga. Ita kuma Kailu mai gwanjo ya samo masa a cikin dila, fara tas mai aljihu uku. A ƙirjinta an rubuta sunan wani gidan burodi na Turai, amma wa ke da lokacin karanta ƙirjin likita?

Daga nan shago ya koma asibiti. Kullum bayan azahar mukan jawo benci mu zauna, kowa ya zo da abin da ke damun tunaninsa game da jikinsa. Ba mu taɓa kawo tambayar da ta fi ƙarfin Lokotoro ba. Ba ya cewa "ban sani ba". Ina jin ma bai san yadda ake faɗin ta ba.

Wata rana Kailu ya tambaye shi me ya sa in mutum ɗaya ya yi hamma sai duk na kusa da shi su kama. Lokotoro ya gyara zaman tabarau, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya da tausayi.

"Abin ai a fili yake, sai dai ga wanda bai yi zurfi ba. Iskar da ke cikin layi ƙidayayya ce. In wani ya wangale baki ya ɗebi kaso babba, jikin na kusa da shi sai ya tsorata kar ta ƙare, shi ma ya yi maza ya ɗebi nasa. Kamar dai ranar da aka sauke sabuwar dila. Voilà!"

Muka ce Allah ya ƙara sani. Ya ce amin, amma da muryar wanda bai ga inda za a zuba ƙarin ba.

Shaƙuwa, a iliminsa, loma ce da ta shiga hanyar da aka hana, kamar direban gbaka, ƙaramar bas ɗin nan ta haya, a mahaɗar Indénié, tana ta ƙoƙarin yin baya ana mata oda. Kukan ciki hanji ne ke taro kan wanda zai fara karɓar abinci. Ƙafar da ta mutu bayan dogon zama, jini ne ya haɗu da cunkoso irin na gada da yamma, kuma maganinta a buɗe masa hanya da duka uku a gwiwa. Na gwada, ban ɓoye muku ba. Ƙafar ta tashi, amma ita ma gwiwar ta kwana biyu tana tambaya.

Babban aikinsa dai shi ne awo. Ya ɗaura maka ɗamara, ya danna maɓalli, abu ya yi gurnani ya matse ka ya sake ka. Sai ya duƙa kan gilashin, ya ɗago da murmushi. "Ɗari da ashirin a sama, tamanin a ƙasa. Sha biyu bisa takwas! Tashi, jininka lafiya lau." Tsoho sha biyu bisa takwas, saurayi sha biyu bisa takwas. Mai ƙiba, mai rama, wanda ya shigo da gudu yana haki, wanda ya tashi daga barci, duk sha biyu bisa takwas. Da wani ya ce abin da mamaki, Lokotoro ya ce babu mamaki ko kaɗan: layin da ke da likita irinsa, ta ina ciwo zai shigo?

Kansa ma yakan auna, kullum bayan ya tashi da kwanon garba, wato acheken rogo da soyayyen kifi, ya barbaɗa gishiri ya murtsuke dunƙule biyu a kai. Matarsa Hajo ta gaji da yi masa magana a kan gishirin nan. Ta ce tana ganin yana dafe ƙeya da safe, yana cewa kunnensa na ƙara. Ya ce mata wannan ba ciwo ba ne, ilimi ne ya yi yawa yake neman wurin zama. 'Yarsu Zuhura, wadda ta yi karatun jinya take aiki a wani asibitin unguwa a Treichville, ta roƙe shi ya kawo na'urar gida ta gani. Ya ce kayan aikin manya ba na wasan yara ba ne, ita ta tsaya a kan allura da auduga. Na'urar a shago take kwana, cikin akwati mai kwaɗo.

Ana nan sai ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa, mai zama a unguwar Belleville, ta yanke shawarar kafa kwamitin lafiya, saboda hawan jini ya kwantar da mutanenmu biyu a shekara ɗaya. Biyun duka ba 'yan layinmu ba ne, Lokotoro bai bar kowa ya manta da haka ba. Aka sa ranar Lahadi bayan la'asar a farfajiyar makarantar Malam Abdulbaqi, shugaban ƙungiyar, za a auna jama'a sannan a zaɓi shugaban kwamiti.

Wannan kujera ta shiga ran Alhaji ba kaɗan ba. Shekaru yana zuwa taro ana zaunar da shi a sahu na uku, bayan masu shagunan atamfa, kuma abin yana ci masa rai ƙwarai. Yanzu ga dama ta hawa teburin gaba. Tun kafin a yi zaɓe ya sa aka sassaƙa masa hatimi, aka buga masa kati mai hoton zuciya. Da ya ji wasu na cewa ai Zuhura ce ta dace, ya yi dariya har da tari. Ya ce yarinyar da ya koya wa riƙe cokali?

Ranar Lahadi ya tsallako daga Adjamé da akwatinsa a cinya, ya shigo cikin farar riga, an goge ta har tana ƙyalli. Aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, mata a gefe guda, maza a gefe guda. Zuhura na zaune a wani ɗan tebur da littafin rubuta sunaye. Ba wanda ya ba Alhaji izinin jawabi, shi ma bai nema ba.

"Jama'a, jiki amana ne, kuma ba kowa aka ba mabuɗinsa ba. Shekara biyu ina riƙe da jinin mutum sama da ɗari uku a Black. Ko ɗaya bai hau ba, ko ɗaya bai sauka ba. Ku je manyan asibitoci ku tambaya ko akwai wanda ya taɓa yin haka. Ni ba na son yabon kai, shi ya sa zan taƙaita."

Ya taƙaita na minti arba'in. Sannan ya buɗe akwati ya ɗora na'urar a tebur.

Zuhura ta leƙa, ta sake leƙawa, sai na ga fuskarta ta canza. Ta matso kusa da shi, ta rage murya yadda ta zaci ba mai ji. "Baba, pardon, ledar nan ta fuska, il faut a cire ta kafin a fara."

Da ya yi shiru, da an rufa asiri. Amma Lokotoro ya juyo ga jama'a yana nuna ta. "Kun ji yaran zamani! A cire leda! Na'urar da ta shekara biyu sabuwa, a mayar mini da ita gwanjo a yini ɗaya?" Mu 'yan Black muka gyaɗa kai, don gaskiya a nan muna bayansa.

Malam Abdulbaqi ne zai fara miƙa hannu. Dattijo ne mai sanyin magana, mai son sanin dalilin komai. Ya naɗe hannun riga, ya sa tabaransa, ya ƙura wa gilashin ido.

"Lokotoro, ni ma ina da 'yar tambaya, a gafarce ni. Ban miƙa hannu ba tukuna, ba ka kuma kunna ta ba. Ya aka yi ta riga ta rubuta ɗari da ashirin da tamanin?"

Lokotoro ya buɗe baki, kuma don girman Allah amsa ta fito. "Malam, ƙirar Jamus ce. Tun daga nesa take gane mutum."

"Allah mai iko," in ji Malam. "Zuhura, 'yata, ɓare mana mu ga yadda take gane shi daga kusa."

Zuhura ta dubi mahaifinta kamar za ta yi kuka, ta sa farce a gefe, ta ja. Ledar ta taso gaba ɗaya, kuma lambobin suka taso tare da ita. Bugawa aka yi a jikinta tun daga masana'anta, don a nuna wa mai saye yadda abin ke aiki. A ƙarƙashi gilashin fayau yake, ba komai. Shekara biyu na'urar baiwar Allah tana faɗin gaskiyarta a bayan labule, ba mai ganin ta.

Dariyar da aka yi ba ta mugunta ba ce, amma ta daɗe. Ni ina yi ina shafa dantsena, don na tuna sau nawa na koma gida ina gaya wa iyali jinina lafiya lau.

Alhaji bai ja da baya ba. Ya ce da leda da ba leda, jini dai jini ne, a fara da shi kowa ya gani. Ya zauna, Zuhura ta ɗaura masa. Abu ya yi gurnani, ya matse, ya sake. Ta karanta a ranta. Ta ce ya huta minti biyar, ta sake aunawa. Sannan ta ce a hankali, "Baba, sha takwas bisa sha ɗaya. Gobe da safe tare za mu tafi asibitinmu."

Daga ɓangaren mata muka ji muryar Hajo: "Ilimin ne ya samu wurin zama."

Aka auna mutum sittin da ɗaya ranar. An samu bakwai da jininsu ya hau, amma ba wanda ya kamo ƙafar Lokotoro. Ko a nan shi ne na ɗaya. Aka zaɓi Zuhura ba hamayya, ta hau teburin gaba, ta buɗe littafin waɗanda za a riƙa bibiya, ta rubuta sunan mahaifinta a layin farko.

Kar ku ce ya karaya. Washegari da yamma ya dawo shago da ƙwayoyinsa a aljihun farar riga, ya bayyana mana abubuwa biyu. Na farko, Zuhura a wurinsa ta gaji likitanci, wannan ko makaho ya gani. Na biyu, na'urar lafiyarta ƙalau har ranar da aka ɓare ta, kuma kowa a Black ya san abin da ke samun kaya in an cire masa leda. Da Kailu ya tambaye shi me ke sa jini ya hau, sai ya ce masa ya je ranar Lahadi ya tambayi shugabar kwamiti, shi yanzu ba ya duba ƙananan matsaloli.

Ledar kuwa ba a yar da ita ba. Hajo ta tsince ta a ƙarƙashin tebur ta tafi da ita gida, ta manna a murfin gwangwanin gishiri, ta rufe gefen da salatif. Ta san mijinta: ko miya ta yi lami kamar ruwan pampo, ba zai iya sa farce ya ɓare leda ba. Yanzu kullum a bakin abinci yakan zauna ya ƙura wa gwangwanin ido, don a duk faɗin Abidjan nan kaɗai ya rage masa inda yake ganin sha biyu bisa takwas.