Farfesa Fihirisa da Gwanjon Bijimai

Duk faɗin Queensland babu mai ƙwaƙwalwar Lachlan Prendergast. Shi ya faɗa mana da bakinsa, to wa zai musa? Daga Brisbane kamfaninmu na gwanjon shanu ya ɗauko shi ya kula da rumbun bayanai, inda kwamfuta ke adana sunan kowane sa, nauyinsa, ubansa, da tayin da aka yi masa. Ya iso da malafar makiyaya sabuwa fil, da takalmin da bai taɓa gaisawa da kashin shanu ba. Mu masu kora dabbobi cikin shinge muka raɗa masa Farfesa Fihirisa. Ya ɗauka yabo ne.

Fihirisa ce maganinsa na kowace cuta. A wurin gashin nama na Juma'a, sosej a hannu, yakan tsare mu da jawabi: "Ku da karatu bai wahalar ba, ku saurara. Rumbu kamar littafi ne. Ka yi masa fihirisa, ka nemo abu ba sai ka bi shafi-shafi ba." Sai ya yi wa nauyi fihirisa, ya yi wa launi, ya yi wa tsawon ƙaho. Har sunan karen mai gona bai tsira ba.

Noelene Tuckwell, mai kamfanin, ta yi masa alkawari: in babban gwanjon bijimai ya wuce lafiya, kujerar shugaban sashe tasa ce, da ofis mai sanyi. Tun kafin ta rufe baki Farfesa ya sa aka sassaƙa masa allon ƙofa.

Nema kam ya yi sauri, ya nuna wa kowa, har mai kawo ciyawa. Shigar da tayi ne bai gwada ba. "Gwaji na masu shakkar kansu ne," in ji shi. Alhali duk tayin da ya shigo sai rumbun ya bi fihirisar nan ɗaya bayan ɗaya ya rubuta shi kafin ya numfasa. Farfesa ya sani, ya taɓa faɗa a jawabi. Amma shi ma ba ya sauraron kansa.

Ranar gwanjo rumfa ta cika, masu saye ta intanet daga Darwin har Perth sun kasa sun tsare. Aka shigo da bijimin tsoho Clarrie Dunstan. Tayi ya fara zuba, allon kwamfuta ya ƙame. Ɗan da'irar nan mai nuna a jira sai juyawa yake.

"Farfesa," in ji Clarrie, "a nan bijimina zai tsufa, ko in nemo masa kujera?"

"Tunani rumbun yake, Clarrie. Ba abin da ka saba ba ne."

Rumbu ya yi ta tunani. Na Perth suka gaji suka kashe kwamfutocinsu, na rumfa suka nufi mashaya, bijimi ya kwanta yana tuƙa.

Noelene ta zo ta tsaya a kan Farfesa. "Lachlan, me muka sayar?"

Ya gyara malafa, ya danna. Kafin ya ɗaga yatsa amsa ta fito: babu ko ɗaya.

Ya juyo yana murmushi. "Kin ga sauri?"

Ta gani. Da yamma ita da kanta ta kai shi tashar bas.

Allon ƙofar nan bai yi asara ba. Mun kafa shi a shingen bijimin Clarrie, da rubutunsa na Shugaban Sashe. Bijimin shi ma zama kawai yake ba ya tsinana komai, amma dai ba ya jawabi.