Maɓallin Wuyan Barmo

A wani daji da ruwa bai taɓa yi wa rowa ba, akwai majalisar dabbobi da ke zama kowace Laraba a gindin wata tsohuwar tsamiya. A da, wanda ya fi hujja shi ake saurara. Amma tun shekarar da Shamuwa ta fara sauka da akwatuna a farkon damina, tana kawo riguna daga ƙetaren teku, sai aka gano cewa ita ma hujja tana bukatar sutura. Rigunan farare ne tas, masu kwala mai tauri, a bayan wuyan kowace an ɗinka wani ɗan tambari da koren zare. A jikin Zalɓe aka yanka su, dogon wuya da siririn ƙirji, saboda haka duk dajin babu wanda suke yi wa daidai sai Zalɓe, shi kuwa ba ya ma zuwa majalisa. Wannan bai hana kowa saye ba. Ɓauna Makau, shugaban majalisa, yakan zauna hannuwa a banƙare don rigar ta kama shi a hamata, aka ce ai haka zaman manya yake, har waɗanda babu abin da ya kama su suka koma banƙarewa.

Ba a jima ba aka kafa doka. Mai tambari ne kaɗai zai zauna a bencin gaba, shi kaɗai kuma za a ba damar magana. Aka tsayar da Biri Tunau a ƙofa yana juya wuyan kowa yana dubawa. In ya ga allurar telan gida ta taɓa riga, ko da ɗinki ɗaya ne, to ta zama ta gida, mai ita sai baya. Maɓallin sama kuma dole a rufe shi, domin in aka buɗe kwala takan kwanta ta ɓoye tambarin.

Kwaɗo Barmo shi ne wakilin Tafkin Kaba, kuma Allah ya ba shi murya. In ya kumbura maƙogwaro ya ja magana, har tsallaken rafi ana jin sa. Rigarsa ɗinkin Gwaggo Yalwa ce, tsohuwar beguwa da ke ɗinka wa kwaɗi tun zamanin kakansa, kuma rigar ta zauna masa cif. Shekara biyu ke nan yana bencin baya da ita, baki a rufe. Yakan ce wa kowa abin bai dame shi ba. Ƙarya yake yi. Kullum ya dawo gida sai ya tsaya bakin ruwa yana kallon wuyansa.

Ana nan sai masu tambari suka lura cewa wanki a rafi yana cinye musu riguna. Shamuwa ta ce ai irin wannan yadi ba ya son ruwa mai gudu, sai ruwa kwantacce da sabulu na musamman. Ruwa kwantacce da ba ya ƙafewa kuwa guda ɗaya ne a dajin. Aka shigar da ƙuduri cewa a mai da Tafkin Kaba wurin wankin majalisa, aka sa Laraba mai zuwa a yanke hukunci. Lokacin kuwa kwaɗi sun gama zuba ƙwai, tafkin cike yake da 'ya'yan da ba su ko fito da ƙafa ba, kuma kowa ya san abin da kumfar sabulu za ta yi musu.

Hankalin kwaɗi ya tashi. Suka taru suka yi karo-karo, har tsofaffi suka fito da busasshiyar farar da suka ajiye don rani, suka ce a sayi rigar Shamuwa a sa wa Barmo ya je ya yi magana. Barmo ya ce a'a, shi bai dace da wannan ba. Sau ɗaya ya faɗa, a hankali, kuma bai maimaita ba.

Shamuwa ta tarbe shi da fara'a, ta zura masa riga ta rufe maɓallin sama da bakinta. Idanun Barmo suka ƙara fitowa.

"Kamar ta ɗan kama ni a wuya," in ji shi.

"Haba, ranka ya daɗe," in ji Shamuwa. "Ba rigar ce ta kama ka ba, jikinka ne bai saba da ita ba tukuna. Ɗinkin gida shi ke bin jiki duk inda ya karkace. Wannan kuwa jiki ne ke bin ta. Dubi yadda ta miƙe maka wuya. Wallahi da ba don na san ka ba, ba zan ce kwaɗo ba ne."

Wannan magana ta yi wa Barmo daɗi ƙwarai, bai kuma tsaya ya tambayi kansa dalili ba.

Ana jajiberin zama, da hantsi, ya bi ta rumfar Gwaggo Yalwa, wai gaisuwa. Tana kan keken ɗinki, ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau.

"Barmo, wa ya shaƙe ka?"

"Gwaggo, riga ce daga ƙetare."

"Na gani. Matso nan." Ta cusa yatsa tsakanin kwala da wuyansa, yatsan ya ƙi shiga. "Ɗan nan, ka tuna yadda nake auna ku? Sai na ce ka yi kuka iyakar ƙarfinka, sannan in ɗora igiyar awo. Wuyan kwaɗo biyu ne, akwai na shiru akwai na magana, kuma na maganar nake ɗinka wa. Wannan an yi ta ne don wuyan shiru. Tuɓe in matsar maka da maɓallin, faɗin yatsa ɗaya kawai. Kafin ka sha ruwa na gama."

Barmo ya ja da baya kamar ta nuno masa wuta. "Gwaggo, ki rufa mini asiri! In Tunau ya ga zarenki ai shi ke nan, ta zama ta gida."

"To kai ɗan ina ne?"

Barmo ya kau da kai. Ta ce to ya faɗa mata abin da zai faɗa gobe ta ji. Da yake daga shi sai ita, ya ɓalle maɓallin, ya ja numfashi, maƙogwaro ya cika.

"Ya 'yan majalisa, ban zo roƙo ba. Tafkin nan ɗakin haihuwarmu ne. A cikinsa yanzu akwai 'ya'yan da ba su da ƙafar gudu, ba su da bakin kai ƙara. Rigar da ta yi datti za ta iya jira a ɗebo mata ruwa a masaki, a wanke ta a tudu. Mu za mu ɗebo muku ruwan da kanmu, kullum, ba tare da lada ba. Amma in kumfa ta shiga tafkin nan sau ɗaya, bana babu kwaɗo, baɗi sauro zai zauna muku a kan waɗannan fararen kwalolin, ba kuma wanda zai kama shi. Ku zaɓa."

Kwanon rumfar har rawa yake yi. Gwaggo Yalwa ta share ido da gefen zane. "In ka faɗi wannan, ko Makau sai ya sauke hannu. Amma dubi wuyanka, a buɗe ka faɗe ta."

"Gobe zan san yadda zan yi," in ji Barmo, ya mai da maɓallin da ƙyar.

Ranar Laraba kwaɗi suka rako shi har gindin tsamiya, suka tsaya bayan shinge tare da Gwaggo Yalwa. Tunau ya juya wuyansa, ya ga koren zare, ya rusuna. Shekara biyu birin nan bai taɓa amsa gaisuwar Barmo ba, yau ga shi yana kakkaɓe masa benci. Aka zaunar da shi tsakanin Damisa da Gada. Damisa ya dubi rigar ya ce, "Ta bana ce?" Barmo ya gyaɗa kai iyakar yadda kwala ta bari, ya ji wani sanyi ya ratsa zuciyarsa wanda bai taɓa ji ba.

Makau ya buɗe zama. "'Yan uwa, maganar tafki ba ta son kai ba ce. Mutuncin majalisa a jikin 'yan majalisa yake, mutuncin daji kuma a jikin majalisa. In kwalarmu ta yi dauɗa, wa aka zaga? Ku ne. Duk da haka mu masu adalci ne, ba ma yanke wa kowa hukunci a bayan idonsa. Ga wakilin tafki nan, kuma kamar yadda kuke gani, ya cika sharaɗi. Barmo, bismilla."

Barmo ya miƙe. "Ranka ya daɗe, shugaba. Ina gaida manya." Wannan ta fita lafiya, domin gaisuwa ba ta cin iska. Sai ya ja numfashi don ya fara ainihin maganar. Maƙogwaro ya taso, ya ci karo da kwala. Ya ji zaren maɓallin ya yi wata 'yar ƙara, ƙiris. Ya tsaya cak.

Ya san abin da ke gabansa sarai. In ya ƙarasa numfashin nan maɓalli zai yi tsalle, kwala ta kwanta, Tunau ya zo ya ja shi baya a gaban Damisa da kowa. Amma kafin Tunau ya iso, da ya riga ya faɗi abin da ya kawo shi, kuma muryarsa ba irin wadda ake toshe wa kunne ba ce.

"Ɓalle shi, Barmo!" in ji Gwaggo Yalwa daga bayan shinge. Kwaɗi suka ɗauka gaba ɗaya, "Ɓalle shi! Ɓalle shi!"

Ya kai hannu kan maɓallin. Santsi gare shi, kamar ƙwan tsuntsu. Ba zan ɓoye muku ba, a wannan lokaci ba 'ya'yan tafki Barmo ya tuna ba. Benci ya tuna, da rusunawar biri. Ya saki iskar a hankali ta hanci, ya sauke hannu.

"Na gode da wannan dama," in ji shi cikin wata siririyar murya. "Allah ya ƙara wa majalisa basira." Ya zauna.

Bencin gaba ya ɗauki tafi. Gada ta ce ita ba ta taɓa ganin kwaɗo mai natsuwa irin wannan ba. Makau ya ce tun da wakilin tafki bai kawo wata suka ba, ƙuduri ya wuce, kuma don a nuna wa kwaɗi ba a manta da su ba, an naɗa Barmo shugaban kwamitin kula da wurin wanki. Kwaɗi suka juya ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin a gaba.

Kafin mako ya zagayo kumfa ta rufe Tafkin Kaba fari fat. Iyaye suka kwashi abin da za su iya kwasa na 'ya'yansu a cikin ganyen bado, suka nufi wani kududdufi can bayan dutse, wanda kowa ya san ba ya kai kaka. Gwaggo Yalwa ta ɗora kekenta a ka ta bi su. Da ta zo wucewa ta tarar da Barmo a bakin tafkin yana nuna wa masu wanki inda za su shanya.

"Gwaggo, ba yadda zan yi ne," in ji shi. "Ba ki san yadda abin yake ba a can gaba."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, irin duban da tela ke yi wa mai kawo ɗinki. "Rigar ta zauna maka yanzu," in ji ta. "Wuyan ya bi ta." Ta wuce abinta.

Har yau a dajin nan ana gardama ko rigar Shamuwa ta cancanci tsadarta. Masu kushe ta ba su yi mata adalci ba. Damina uku ke nan ba a ji kukan kwaɗo a Tafkin Kaba ba, maɓallin kuwa ko zare bai saki ba.