Yadda Na Soke Gaisuwa a Ofis

Shekarar da motoci suka koma hannun dama na dawo ofishinmu na Gaya daga kwas, na yanke cewa doguwar gaisuwa ɓata lokacin gwamnati ce. Kowa ya gaishe ni, sai in ɗaga hannu in wuce, ni a dole wayayye.

Ran Juma'a sai ga ofis kaf a zaurena, har da soyayyiyar kaza. Malam Sule, babban akawunmu, ya dafa kafaɗata.

"Ƙanena, shirun nan ba lafiya ba. Me ke damunka?"

Na ce zazzaɓi ne. Dariyar matata daga cikin gida ta tona mini asiri. Kazar dai na cinye, Allah ya saka musu da alheri. Har na yi ritaya, ba wanda ya sake ce mini ina kwana, sai "Malam, ya jiki?"