Firinta Biyu, Fuska Babu

Jama'a, jiya na je a buga mini fuskata. Doka ce ta fito: duk mai rumfa a kasuwa ya rataya kati mai hotonsa, in ba haka ba a ba wani rumfar. Ni kuwa zare da allurar da nake sayarwa a ciki su ne cina da shana.

A ofishin hukuma na tarar da magatakarda yana fifita da kwali.

"Baba, firinta mai tawada kike so ko mai hoda?"

Na ce, "Ɗan nan, ni da ban san alif ba? Wadda ke aiki."

Ya ce ai nan gizo ke saƙa. Wai Ranka-ya-daɗe Mai Kujerar Juyi ya kafa kwamiti ya zaɓi ɗaya. Kwamiti ya hau jirgi ya je ya ga yadda firinta ke zama a ƙasashen waje. Da suka dawo, rabi suka ce tawada, rabi suka ce hoda. Don kada zumunci ya ɓaci aka sayi duka biyun, da motar ɗaukarsu. Allah ya ƙara basira.

Mai hoda, in ji shi, akwai sauri, sai dai da an kunna ta janareta ke tari, fankar Ranka-ya-daɗe ta tsaya. Saboda haka sai ba ya nan ake kunnawa. Makullin ɗakin kuma yana aljihunsa.

Mai tawada kuwa an lulluɓe ta ana jiran bikin buɗewa, har tawadar ta bushe. An adana rijiya, ƙishirwa ta kashe ta.

Na zauna a ƙasa na miƙe ƙafa, na ce nan zan kwana. Sai ga shi an ɗauko ruwan ɗumi ana yi wa mai tawadar gashi kamar mai targaɗe. Ta yi nishi, ta haifo ni shuɗiya.

Na soke katin a zani, na bi layin mota cikin rana, don man fetur ya yi ƙaura. Ashe tawada ba ta shiri da gumi. Ko da na iso, hancina ya gangaro haɓa.

Tela maƙwabcina ya duba ya ce, "Baba, a nan kin fi kyau."

Na ce, "Kai ma ka je, ko Allah zai rufa maka asiri."

Da safe mai duba kati ya zo. Ya kalli katin, ya kalle ni, ya kalli nasa da ke wuyansa, shi ma shuɗin tabo ne. Ya ce, "Ke ce."

Rumfa dai ta tsira. Yanzu haka katin yana wurin mahauci, ya ara. Da gemunsa da komai, an ce shi ne.